Kujera huɗu, Dala miliyan tara: Darasin da ke ciki ga ƙasar Gumel

A watan Maris na shekarar 2015, kamfanin Christie's ya yi gwanjon kayan wani Ba'amurke mai suna Robert Ellsworth a birnin Niyok, bayan rasuwarsa a 2014. Cikin kayan akwai kujeru huɗu na katako masu hannu, waɗanda kafintocin ƙasar Sin suka haɗa kusan shekara 400 da suka wuce. Babu zinare ko azurfa a jikinsu, babu katifa, ba a kuma haɗa su da ƙusa ba. Da aka kammala tayi, an sallama su a kan Dala miliyan 9 da dubu 685. Shekara bakwai bayan haka, a watan Oktoban 2022, kamfanin Sotheby's ya sayar da kujera guda ɗaya tak, irin wadda ake naɗewa, a birnin Hong Kong, a kan kuɗin da ya kusa Dalar Amurka miliyan 16.

A wurinmu kalmar gwanjo araha take nufi, tsohuwar kujera kuwa makomarta murhu. Don haka ba za a ga laifin mutumin Gumel ko Maigatari ba idan ya ji wannan labari ya ce almubazzaranci ne na waɗanda kuɗi ya yi wa yawa. Amma lamarin ya shafe mu ta fuska biyu. Da farko, wani ɓangare na katakon da ake kwaikwayon waɗannan kujeru da shi a yau daga dazuzzukan Nijeriya aka sare shi. Na biyu, hanyar da tsohuwar kujerar Sin ta bi ta zama dukiya hanya ce da mu ma za mu iya bi da kayan sassaƙarmu, idan har muka farga kafin gara da wuta su gama da su.

Yadda Sinawa suka hau kujera

Sinawan farko a ƙasa suke zama, a kan tabarma, kamar dai yadda kakanninmu suke yi a zaure da fada. Kujera baƙuwa ce a wurinsu, ta shigo ne sannu a hankali ta hanyar fatake da baƙin da ke zuwa daga yamma, har ta samu gindin zama sosai a wajejen ƙarni na 10. Daga nan ta zama ma'aunin daraja. Maigida da babban baƙo ne ke zama a kan kujera mai hannu, na ƙasa da su a kan marar hannu, yara da barori kuwa a kan 'yar kujera marar majingina. Duk wanda ya taɓa zaman fada a ƙasar Hausa ya san wannan tsari, domin a nan ma wurin zaman mutum yakan faɗi matsayinsa tun kafin ya buɗe baki.

Ƙira ta kai ƙololuwarta a ƙarshen daular Ming, wadda ta yi mulki daga 1368 zuwa 1644, da farkon daular Qing da ta gaje ta. A 1567 ne mahukunta suka sassauta dokar da ta hana fatauci ta teku, sai katako mai tauri ya riƙa shigowa daga ƙasashen kudu. Attajirai da malaman birnin Suzhou da kewayensa suka rungumi abin, suna zama da kafintoci ana shawarar tsayi da faɗi da lanƙwasa. Wani malami ɗan birnin, Wen Zhenheng, har littafi ya rubuta a ƙarni na 17 wanda a ciki ya bayyana irin kayan ɗakin da ya dace da mai ilimi da wanda bai dace ba. Sana'ar ta yi ƙimar da Sarki Tianqi, wanda ya yi mulki daga 1620 zuwa 1627, ya shahara da ɓata lokacinsa yana kafinta a cikin fada.

Itatuwa biyu ne suka fi daraja. Na farko shi ne huanghuali, mai launin zuma da ƙamshi da zane-zanen halitta a jikinsa, wanda mafi kyawunsa a tsibirin Hainan yake fitowa. Na biyu shi ne zitan, ja mai duhu har ya kusa baƙi, mai nauyin da yakan nutse a ruwa, wanda ake kawowa daga kudancin Indiya. Mai karatu ya riƙe sunan zitan, domin masana tsirrai sun tabbatar dangi ɗaya suke da madobiyarmu.

Abin da ido ba ya gani

Manyan nau'o'in kujerun guda huɗu ne. Akwai mai zagayayyen baya, wadda majinginarta da hannayenta suka zama lanƙwasa ɗaya kamar kofaton doki, tana gangarowa daga kafaɗa har zuwa tafin hannu. Irinta ce huɗun da aka sayar a Niyok. Akwai wadda ake kira hular hakimi, saboda sandar da ke samanta ta fito gefe da gefe kamar fukafukan hular da ma'aikatan sarki ke sawa. Akwai 'yar gajeruwa mai miƙaƙƙen baya da ake jerawa a gindin taga. Sai kuma mai naɗewa, wadda ake ɗauka a bi sarki ko babban kwamanda da ita wajen rangadi da farauta. Ita wannan ta fi ƙaranci a yau, domin yawo da naɗewa sun karya mafi yawansu, shi ya sa kuɗinta ya fi na saura.

Asirin waɗannan kujeru yana cikin gaɓoɓinsu. Kafinta zai fere kan wannan ice ya zama harshe, ya huda wancan ya zama rami, ya saka ɗaya cikin ɗaya su kama juna. Zagayayyen bayan nan da ake gani kamar ice ɗaya ne, a gaskiya guntaye uku ne ko biyar aka haɗa, kowane biyu sun hau juna an kulle su da ɗan ƙaramin fegi. A kujeru da yawa, ƙafa da sandar da ke tallafe da hannu ice guda ne da ya ratsa ta cikin mazauni, saboda haka nauyin mai zama yakan sauka kai-tsaye zuwa ƙasa. Allon da baya ke jingina a kai an lanƙwasa shi daidai da ƙashin bayan ɗan Adam. Mazaunin kuwa sau da yawa saƙa ce mai kama da tabarma da aka ɗaure a kan igiyoyi, domin iska ta ratsa lokacin zafi. A gaba akwai sandar ɗora ƙafa, saboda kujerun dogaye ne kuma daɓen ɗaki yana da sanyi.

Hikimar barin ƙusa kuwa kowane kafinta a Gumel zai gane ta. Ice yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Ƙusa ba ta kumbura tare da shi, sai ta yi tsatsa, ramin ya faɗaɗa, kujera ta fara girgiɗi bayan shekara biyu ko uku. Idan ice ne ya kama ice, tare suke motsi, kuma ko wata gaɓa ta lalace ana iya warware kujerar, a gyara, a mayar. Arewacin Sin na da zafi da laima a wani lokaci, ga sanyi da bushewa a wani, amma waɗannan kujeru sun jure shekaru ɗaruruwa. Ba a kuma lulluɓe su da fenti, kakin zuma ake gogawa domin zanen icen ya fito.

Waɗanda suka ba ta daraja

Kada a ɗauka tun asali Sinawa sun san ƙimar abin da ke hannunsu. A farkon ƙarni na 20 waɗannan kujeru tsofaffin kayan ɗaki ne kawai, masu kuɗi sun fi son masu sassaƙe-sassaƙe da ƙyalƙyali. Wani Bajamushe mai koyarwa a birnin Beijin, Gustav Ecke, shi ne ya fara warware su yana aunawa yana zanawa, ya buga littafi a kansu a 1944. A wannan shekarar ce kuma wani mai zanen kayan ɗaki ɗan ƙasar Danmak, Hans Wegner, ya fitar da kujerar da ya kira kujerar Sin, daga baya ya gina wasu a kan wannan tsari waɗanda har gobe ake ƙerawa ana sayarwa a duniya.

Babban gwarzon wannan fage shi ne Wang Shixiang, wanda aka haifa a 1914 ya rasu a 2009. Shekaru ya yi yana yawo a kan keke cikin lungunan Beijin da ƙauyukan kewaye, yana sayen tsofaffin kujeru da tebura, yana zama da tsofaffin kafintoci yana rubuta sunan kowace gaɓa kamar yadda suke kiranta. A lokacin juyin juya halin al'adu na 1966 zuwa 1976 an ƙwace kayan mutane da dama, ciki har da nasa, an farfasa wasu, an jibge wasu a rumbuna. Da ƙura ta lafa ya koma kan aikinsa, ya buga littafinsa a 1985, kuma wannan littafi ne ya buɗe idon duniya. Kayan da ya tara suna gidan adana kayan tarihi na Shanghai a yau, kowa na iya zuwa ya gani.

Abin lura a nan shi ne, tsufa kaɗai bai isa ya sa abu ya yi tsada ba. Mai saye yakan duba irin icen, ya duba ko gaɓoɓin na asali ne ko an sauya wasu, ya duba cin da ƙafa ta yi wa sandar gaba, ya duba ko an rage tsawon ƙafafu saboda ruɓewa. Kujeru biyu ko huɗu da suka taso tare sun fi warwatsattsu daraja nesa ba kusa ba. Sama da duka yakan nemi tarihin mallaka: a gidan wa take, daga hannun wa ta fito, a wane littafi aka buga hotonta. Da yake 'yan damfara sun ƙware wajen haɗa sabuwar kujera da tsohon katako, takardar tarihi ta zama rabin kuɗin kujerar. Sunan Ellsworth da ke bayan waɗannan kujeru huɗu yana cikin abin da aka biya.

Madobiya ta biya kuɗin

Da tattalin arzikin Sin ya bunƙasa, miliyoyin mutane suka so su mallaki irin waɗannan kujeru. Tsofaffin ba su da yawa, huanghuali da zitan kuma sun yi ƙaranci ƙwarai, sai masana'antu suka koma ƙera sababbi da itatuwan da suka yi kama da su. A shekarar 2000 gwamnatin Sin ta fitar da jerin itatuwa 33 da aka amince a kira su hongmu, wato jan katako mai daraja. Cikin jerin akwai madobiya, wadda 'yan kasuwar katako ke kira koso, a Taraba kuma ake ce mata madrid.

Da dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya suka yi sauƙi, sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka ta Yamma. Cikin 'yan shekaru Nijeriya ta shiga sahun gaba wajen fitar da wannan ice, musamman daga Taraba da Adamawa da Kogi. A farkon 2017 aka sa madobiya cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa ta ce sai da izini za a yi cinikinsu. A watan Nuwamban wannan shekara ƙungiyar EIA mai binciken laifukan muhalli ta fitar da rahoton da ya yi zargin cewa gumagumai sama da miliyan 1.4, waɗanda darajarsu ta kai kimanin Dala miliyan 300, sun shiga Sin daga Nijeriya ta haramtacciyar hanya. A ƙarshen 2018 aka dakatar da cinikin wannan ice daga Nijeriya ƙarƙashin yarjejeniyar.

Madobiya ba itaciyar banza ba ce a wurin talaka. Ganyenta abincin dabbobi ne a lokacin rani, tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ana magani da ɓawonta da jan ƙaronta, kuma takan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta isa yanka. Matashin da ya sare ta ya karɓi 'yan kuɗin da ba su wuce cefane ba, makiyayi ya rasa ganye, manomi ya rasa inuwa, riba kuwa tana wurin wanda ya mayar da gungumen kujera. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mutanen ƙasar Gumel sun san wannan ciniki ta wata fuskar, domin haka riɗi da zoɓo ke barin Maigatari ɗanye a buhu, wasu su sarrafa su a can su ci ribar sarrafawa.

Namu na gida

Gumel ba ta cikin dazuzzukan da aka yi wa wannan wawaso, domin tana bakin hamada ne, itatuwanta ma ƙidayayyu ne. Amma tana da abin da za ta rasa. Masarauta ce da Mangawa suka kafa tun tsakiyar ƙarni na 18, ta daɗe tana hulɗa da Borno, ta yi zama a Tumbi kafin ta dawo inda take yanzu a tsakiyar ƙarni na 19, ta kuma sha gwagwarmaya da Haɗeja da Damagaram. Ƙasar da ta yi wannan doguwar tafiya ba za a rasa tsofaffin kayan ice a gidajenta ba, daga gidan sarauta har zuwa gidan malami da na manomi.

Gaskiya ne Bahaushe bai gaji kujera mai hannu ba. Mazaunin girma a wurinsa gadon sarauta ne da karaga, sai darduma da buzu da tabarma. Amma yana da kujerar mata, 'yar tsugunno, wadda masassaƙi ke fitarwa daga gungume ɗaya da gatari da gizago, ba haɗi ba ƙusa, a yi mata zane da ƙarfe mai zafi. A da tana cikin kayan ɗakin amarya, a kanta uwa ke tuƙa tuwo, a kanta take wa jariri wanka. Yana da akushi da turmi da taɓarya, yana da allon karatu, yana da ƙashin sirdi, yana da tambura da ƙyauren zaure. Masassaƙi ya san icen da ya dace da kowane aiki, ya san taurin ƙirya da juriyar maɗaci da amfanin aduwa da kanya da marke, ya san lokacin da ake sara da yadda ake busarwa kada ice ya tsage. Wannan ilimi a kan mutane yake, kusan babu shi a takarda.

Yanzu a leƙa gidan biki ko na suna a Gagarawa ko Sule Tankarkar, kujerar roba ce ta cika fili. Ɗakin amarya kuwa ya koma kushin da kabad na garin katako da aka matse aka lulluɓe da ƙyalli, waɗanda damina biyu ko uku ke isa su kumbura su ɓare. Iyaye na cin bashi su sayi abin da ba zai kai sunan ɗan fari na biyu ba, alhali kujerar kaka da ta ga aure uku tana bayan ɗaki gara na ci. Ba laifi ba ne a so sabon abu, roba ma ta sauƙaƙa wa jama'a hidima. Laifin shi ne a bar tsohon ya ɓace ba tare da an san wanda ya sassaƙa shi ba, da irin icen, da gidan da ya zauna. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ya kamata a yi

Matakin farko ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Duk gidan da ke da tsohuwar kujera ko akushi ko allo ko sirdi, a ɗaga shi daga ƙasa, a nisanta shi da laima da gara, kada a kankare shi ko a shafa masa fenti da sunan gyara, domin wannan gogewar hannu da ke jikinsa ita ce shaidar shekarunsa. Sannan a zauna da tsofaffin gida a rubuta tarihinsa a takarda, a ɗauki hoto da waya. Wanda ya sayar wa dillali da irin wannan kaya ba tare da tarihi ba, ya sayar da ice ne kawai, shi kuwa dillalin zai ƙirƙira masa labarin da ya ga dama.

Na biyu yana wuyan masarauta da makarantu. Kano na da Gidan Makama, Sakkwato na da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. Bai fi ƙarfin Masarautar Gumel ba ta ware ɗaki ko biyu, ta nemi hakimai da dagatai su sanar da abin da ke ƙasashensu, a karɓi aro daga iyalan da suka amince, a rubuta sunan kowane gida a jikin kayansa. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa na iya ba da shawarar adanawa. Kwalejin Ilimi ta Gumel kuwa na da ɗaliban Hausa da na tarihi da ke neman abin bincike duk shekara. A tura su wurin masassaƙan da suka rage, su naɗi muryarsu, su rubuta sunayen kayan aiki da na itatuwa da matakan sassaƙa. Aikin da Wang Shixiang ya yi ke nan, kuma da keke da alƙalami ya fara.

Na uku na kafintoci ne da cibiyoyin koyar da sana'a. Haɗa ice da ice ba sihiri ba ne, awo ne da haƙuri da kaifin kayan aiki. Matashin da ya iya haɗa kujerar da za ta shekara hamsin ba ta girgiɗa ba zai samu masu saye a Dutse da Kano da Abuja, musamman idan ya sa mata zanen gida kamar dagi, maimakon kwaikwayon hoton da ya gani a waya.

Na huɗu shi ne ice kansa. Jigawa na cikin jihohin da shirin babbar katangar itatuwa ta Afirka ya ratsa, kuma an daɗe ana dashen darbejiya da turare domin tare hamada. Wannan abin yabo ne, sai dai ya kamata a haɗa da itatuwan gida masu tauri, a kuma kare waɗanda ke tsirowa da kansu a gonaki daga gatarin masu gawayi. Wanda ya dasa maɗaci yau ba shi zai sassaƙa shi ba, jikansa ne. Haka kafintan Suzhou bai san waɗanda za su yi tayin kujerarsa bayan shekara 400 ba, ya dai zaɓi ice mai kyau, ya auna daidai, wasu suka zo daga baya suka adana suka rubuta.

Ba a cewa kujerar tsakar gida ta Gumel za ta kai Dala miliyan a kasuwar duniya, ba kuma don kasuwa ake wannan kira ba. Ana yi ne domin yaron da za a haifa a Maigatari nan da shekara hamsin ya samu inda zai je ya ga abin da hannun kakanninsa ya yi, ya karanta sunayensu, ya kuma tarar da itacen da zai yi nasa da shi. Allah Ya ba shugabanninmu da masu sana'armu ikon duba wannan lamari da idon basira.